A Tambayi Irin Lamba Kafin A Tambayi Girmanta

Ranar 21 ga Oktoban 2024 wata ƙungiyar masu aikin sa-kai mai suna GIMPS ta ba da sanarwar samun sabuwar lamba marar rabuwa wadda ta ɗara duk waɗanda aka tabbatar a baya. Wanda ya samo ta, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA ne mazaunin San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka. Alƙaluman lambar 41,024,320 ne. Don a ji nauyin maganar, 365 alƙaluma uku gare ta, miliyan ɗaya kuma bakwai. Da mutum zai zauna karanta wannan lamba, alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe kwana 475 kafin ya sauke. Abu biyu kafofin labarai suka fi yayatawa: tsawon lambar, da cewa wai irin waɗannan manyan lambobi ne ke tsare kuɗin mutane a banki. Na farkon gaskiya ne, amma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a labarin. Na biyun kuwa, yadda aka faɗe shi, kuskure ne. A ganina darajar lamba marar rabuwa tana ga irinta, wato sigar da aka gina ta a kai da hujjar da za a iya kafawa game da ita. Wanda ya tsaya ga girma kaɗai ba zai gane yadda aka yi aka samo wannan lamba ba, balle ya san inda amfanin ilmin yake.

Lamba marar rabuwa, wadda ɗaliban sakandare suka sani da firam, ita ce lambar da ta haura 1 kuma babu mai raba ta daidai ba saura sai 1 da ita kanta. Haka 7 take, haka 13; 15 kuwa ba ta ciki, tunda 3 sau 5 ce. A ƙasa da 100 akwai guda 25, ƙasa da 1,000 akwai 168, ƙasa da miliyan ɗaya akwai 78,498. Suna ƙara wuyar samu in ana hawa, amma ba sa ƙarewa, kuma an san haka tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Yuklid na Iskandariyya, wanda littattafan Larabci ke kira Uƙlidis, ya kafa hujjarsa. A ce wani ya kawo jeri ya ce ga su nan duka. Sai a ninka su gaba ɗaya a ƙara 1. Sabuwar lambar, ko da wacce daga cikin jerin aka raba ta, sai 1 ta yi saura. Ke nan ko dai ita kanta firam ce da aka manta, ko akwai wata a wajen jerin da ke raba ta. A gwada da 2, 3, 5, 7, 11 da 13: ninkinsu 30,030, a ƙara ɗaya 30,031, wadda take 59 sau 509, dukansu ba sa cikin jerin. Saboda haka babu wata firam da ta fi duka. Duk lokacin da aka ce “mafi girma”, ana ba da labarin inda na'urorinmu suka tsaya ne kawai. Kuma ba bi da bi ake hawa ba. Wani masanin Rasha, Chebyshev, ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19 cewa tsakanin kowace lamba da ninkinta biyu ba a rasa firam. Wadda ta riƙe kambu tun Disamban 2018 sai an ninka ta biyu-biyu fiye da sau miliyan 53 kafin a cimma ta Durant, don haka a tsakaninsu akwai firam sama da miliyan 53 da aka tsallake ba wanda ya san fuskarsu, kuma wannan ƙidaya ce ta mafi ƙaranci ƙwarai.

To me ya sa aka tsallake wannan ɗimbi aka dira kan guda? Saboda gidan da ta fito. A jera lambar 2 sau da yawa a ninka su da juna, a ƙarshe a cire ɗaya. Biyu guda uku sun ba da 8, ba ɗaya, 7. Guda biyar sun ba da 32, ba ɗaya, 31. Idan muka kira adadin biyun da aka jera hawa, to 31 ita ce 2 mai hawa 5, ba ɗaya, ta Durant kuma 2 mai hawa 136,279,841, ba ɗaya. Ana kiran wannan dangi da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Sharaɗin farko shi ne hawan kansa ya zama firam, amma wannan bai wadatar ba: hawa 11 yana ba da 2,047, wadda take 23 sau 89. A 1644 Mersenne ya fitar da jerin hawa goma sha ɗaya, har zuwa 257, da ya ce su ne ke haifar da firam. Ya yi kuskure biyar: ya sa 67 da 257 alhali ba sa ciki, ya bar 61 da 89 da 107 a waje. An yi ƙarni uku kafin a gama tace jerin nasa. A 1903 ne Frank Cole ya tashi a wani taron masana lissafi a Niyu Yok ya nuna a kan allo cewa 2 mai hawa 67, ba ɗaya, daidai take da 193,707,721 sau 761,838,257,287. Abin lura shi ne tun 1876 wani Bafaranshe, Édouard Lucas, ya riga ya nuna cewa lambar tana rabuwa, ba tare da ya san masu raba ta ba.

Yadda Lucas ya iya haka shi ne zuciyar maganar. Hanyar da aka koya mana a makaranta ita ce a yi ta gwada rabawa da 2, da 3, da 5, har a gaji. Ga lamba mai alƙaluma ɗari kacal, wannan hanya ba za ta ƙare ba ko da duk kwamfutocin duniya sun taru a kanta. Lucas ya gano wata gajeriyar hanya da ke aiki ga dangin Mersenne kaɗai, Derrick Lehmer kuma ya kammala ta a 1930. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura, a maimaita. Adadin maimaicin shi ne hawan, ba biyu. In aka ƙare da sifili, lambar firam ce tabbas. In ba haka ba, tana rabuwa tabbas. A gwada da 31, mai hawa 5, wato maimaici uku: 4 sau 4 ba biyu, 14, 14 sau 14 ba biyu, 194, wadda saurarta 8 in an raba da 31, 8 sau 8 ba biyu, 62, wadda 31 ke rabawa daidai. Sifili ya fito, magana ta ƙare. Da irin wannan dabara Lucas ya tabbatar da 2 mai hawa 127, ba ɗaya, lamba mai alƙaluma 39, da hannu da alƙalami, kuma ba a ɗara ta ba sai 1951. Da kwamfuta ta zo sai ta tarar da gwajin kamar don ita aka yi shi, domin kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, lambar Mersenne kuma a wannan rubutu jerin ɗaya-ɗaya ce zalla, don haka raba wata lamba da ita ba ya cin lokaci. Tun daga 1952, lokacin da Raphael Robinson ya samo guda biyar a shekara ɗaya da wata na'ura mai suna SWAC, kambun bai bar gidan Mersenne ba sai daga 1989 zuwa 1992. Ita kuwa lambar da ba ta da wata siga ta musamman, tabbatar da ita bai yi nisa da alƙaluma dubu ɗari ba har yanzu. Mai sayen shanu a kara ya san wannan ƙa'ida: kafin ya dubi tozo sai ya san bunaji ne, ko bokolo, ko rahaji, domin irin ne ke gaya masa abin da dabbar za ta yi masa.

Kowane dangi da abin da yake haifarwa. Mutanen da sun lura da wasu lambobi da idan aka tara masu raba su, ban da su kansu, sai jimillar ta dawo daidai: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14, sai 496, sai 8,128. Suka kira su cikakkun lambobi. Yuklid ya nuna cewa kowace firam ta wannan dangi tana haifar da cikakkiya guda: 28 ita ce 7 sau 4, 496 ita ce 31 sau 16, 8,128 ita ce 127 sau 64. Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya yi aiki a Alƙahira wajen shekara ta 1000, ya yi ƙoƙarin nuna cewa babu wata hanya sai wannan, Leonhard Euler kuma ya kammala hujjar a ƙarni na 18 game da lambobin shafa'i. Ke nan samun Durant, wanda shi ne na 52 a dangin, ya zo da cikakkiyar lamba ta 52, mai alƙaluma sama da miliyan 82, ba tare da an sake wani aiki ba. Ko akwai cikakkiya a cikin lambobin wutiri, tambaya ce da ta haura shekara dubu biyu ba amsa. A gefe guda ga dangin Pierre de Fermat, inda ake ƙara ɗaya maimakon cirewa: 3, 5, 17, 257, 65,537. Fermat ya zaci duk zuriyar haka za ta tafi. A 1732 Euler ya nuna cewa ta shida, 4,294,967,297, tana rabuwa da 641, kuma daga ranar zuwa yau ba a ƙara samun firam ko guda a gidan ba. Duk da ƙarancinsu, su ne ke yanke hukunci a wani fage da ba wanda ya zata: a 1796 Carl Gauss, bai cika shekara 19 ba, ya nuna cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai. Mai gefe 7 kuwa ba ta yiwuwa, kuma bambancin shi ne 17 'yar wannan gida ce, 7 ba ta ciki. Gida mai 'ya'ya biyar kacal, babbarsu alƙaluma biyar, ya warware abin da ya gagari masana tun zamanin Girkawa.

Yanzu a zo ga maganar banki. Gaskiya ne tsaron saƙonni ya daɗe yana dogara da firam. Tsarin RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977, kuma wanda ke cikin ɗan guntun ƙarfen da ke jikin katin ATM, ya ginu ne kan cewa ninka firam biyu abu ne mai sauƙi, amma in an ba ka sakamakon aka ce ka gano su, aiki ne ja. A 2020 wasu masana sun warware lamba mai alƙaluma 250, abin da ya ci musu kwatankwacin shekara 2,700 na aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta guda. Makullin da aka fi amfani da shi yau alƙaluma 617 gare shi, daga firam biyu masu alƙaluma ɗari uku da 'yan kai kowacce. Ɗari uku fa, ba miliyan ba. A lambobi masu wannan tsawo kusan ɗaya cikin 700 firam ce, don haka ko wayar hannu tana zaɓo sabuwa cikin ɗan lokaci. Amfaninsu shi ne ba wanda ya san su, kuma ba su da wata alama da ta bambanta su da sauran. Firam ɗin Mersenne kishiyar haka ce: guda 52 ne, an buga su kowa ya gani, ɓarawo zai gwada su ɗaya bayan ɗaya ya buɗe. Babu makullin da ya fi wanda aka ƙera da ita rauni. Inda siga ta musamman ke da amfani wani wuri ne daban. Tsarin da ke kulle saƙonnin WhatsApp yana lissafinsa ne a kan 2 mai hawa 255, ba 19, firam mai alƙaluma 77 da Daniel Bernstein ya zaɓa don tana daf da ninkin biyu, abin da ke sa lissafi gudu. A nan lambar a fili take, sirrin yana wani gefe. Ita ma 65,537 ta gidan Fermat tana cikin mafi yawan makullan RSA, a ɓangaren da ake nuna wa kowa.

Idan aka yi sakaci da iri, ana ji a jika. A 2017 masu bincike a Jami'ar Masaryk ta Jamhuriyar Cek sun gano cewa wasu guntayen na'ura na kamfanin Infineon, don neman sauri, suna ƙera firam ɗinsu bisa wata siga ɗaya maimakon zaɓen gaba-gaɗi. Tsawon lambobin ya cika yadda doka ta ce, kuma firam ne na gaske, amma wanda ya san sigar yana iya gano su. Ƙasar Istoniya ta dakatar da shaidar tsaro ta katunan ɗan ƙasa sama da 700,000 saboda haka. Kafin nan, a 2012, ƙungiyoyi biyu na masana sun tattara miliyoyin makullai daga intanet suka tarar dubbai daga ciki sun yi tarayya a firam guda, saboda na'urorin da suka ƙera su ba su iya zaɓe ba. Ba su buƙaci wata babbar na'ura ba wajen buɗe su. Sun yi tambayar da malamin rabon gado ke yi kullum in zai gyara mas'ala: waɗannan lambobi biyu tabayuni ne tsakaninsu, ko tawafuƙi, wato akwai lambar da ke raba su duka? Duk inda aka sami tawafuƙi tsakanin makullai biyu, mai raba su ita ce firam ɗin sirrin, sai duka biyun su buɗe. Hanyar gano ta kuma tana cikin littafin Yuklid.

Mai karatu na iya cewa: ai ka kashe bakinka da kanka. In lambar ba ta kulle komai, to dukiyar da Durant ya zuba asara ce. An ruwaito cewa ya kashe kusan dala miliyan 2 wajen hayar dubban na'urori a ƙasashe 17, alhali ladan da GIMPS ke bayarwa dala 3,000 ne, kuma ko kyautar da gidauniyar EFF ta ajiye wa wanda ya fara kai alƙaluma miliyan 100 dala 150,000 ce. A wannan akwai gaskiya, kuma ban ga amfanin ɓoye ta ba. Masu kare farautar sukan lissafa abin da aka tsinta a hanya, kuma tsintuwar ba ƙarama ba ce. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a wata kwaleji a jihar Bajiniya, yana aiki kan tagwayen firam, wato irin 11 da 13 da tazarar biyu ke tsakaninsu, ya ga amsoshinsa ba sa daidaita, ya bi sawu har ya gano cewa ƙwaƙwalwar Pentium ta kamfanin Intel tana kuskure wajen rabawa. Musanya su ya ci wa Intel dala miliyan 475. A 2016 manhajar GIMPS ta sake tono wani aibi a wasu sababbin na'urorin kamfanin. Firam ɗin Mersenne mai hawa 19,937, wadda aka samo a 1971 ba don komai ba, ita ce ginshiƙin hanyar zaɓen lambobin gaba-gaɗi da wasu Japanawa biyu, Matsumoto da Nishimura, suka ƙirƙiro a 1997, wadda masu bincike ke amfani da ita a ko'ina. Amma ban yarda a jingina hujja kan tsintuwa kaɗai ba, domin da ita ana iya halatta kowace irin ɓarna. Abin da ya haifi RSA ba farautar kambu ba ne. Wata ƙa'ida ce da Fermat ya rubuta a 1640, Euler ya faɗaɗa ta. Masanin Ingila G. H. Hardy yana alfahari a 1940 cewa wannan fanni ba shi da amfanin yaƙi, shekara 37 bayan haka ya zama makullin asirin gwamnatoci. Abin da ya yi amfani tunani ne game da halayen lambobi. Durant kuɗinsa ya kashe, ba wanda zai tuhume shi. Amma da dukiyar jama'a ce, albashin masu tunani ya fi cancanta da ita a kan kuɗin wutar na'urori.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen ya ce farautar ba lissafi ba ce sam, kunna na'ura ne a tafi barci. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya, sai dai an manta da abin da ke ba sakamakon daraja. Akwai wani gwaji mai sauri, daga waccan ƙa'ida ta Fermat, da ke cewa lamba “da alama” firam ce. Yana yin kuskure: 341 tana tsallake shi in an gwada da 2, alhali 11 sau 31 ce, 561 kuma, wadda take 3 sau 11 sau 17, tana yaudarar sa kusan ta kowace fuska. A lambobi masu miliyoyin alƙaluma yiwuwar irin wannan yaudara ƙanƙanuwa ce ainun, har injiniya ba zai damu da ita ba. Duk da haka, da wata na'ura a Dublin ta ce “da alama” ranar 11 ga Oktoba, ba a rubuta ranar a matsayin ranar samu ba. An jira har wata a San Antonio ta jihar Tekzas ta kammala gwajin Lucas da Lehmer washegari, aka rubuta 12, sannan wasu mutane suka sake gwadawa da wasu manhajoji a kan wasu na'urori kafin sanarwa. Wannan taurin kai, na ƙin karɓar “kusan tabbas” a madadin “tabbas”, shi ne lissafin. Kuma na'ura, duk ƙarfinta, ba ta amsa manyan tambayoyin. Ko firam ɗin Mersenne suna da iyaka, samun guda 52 ko 520 ba zai faɗa ba. Game da tagwaye, abin da ya motsa tambayar shi ne Yitang Zhang, wani malami ɗan asalin Sin a Jami'ar Niyu Hamsha, wanda ya taɓa aiki a gidan sayar da abinci don rashin gurbi a jami'a. A 2013, yana daf da shekara sittin, ya kafa hujja cewa akwai firam bibbiyu marasa iyaka da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba. Cikin shekara guda James Maynard da wasu suka sauko da tazarar zuwa 246. Daga 246 zuwa 2 ne ya rage, kuma ba wutar lantarki ce za ta cike shi ba.

Wannan ne ya sa nake ganin labarin ya shafe mu, duk da cewa a Amurka aka yi shi. Da girma ne ma'auni, da sai mu tattara mu bar wa masu dala fagen, domin ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba za ta yi gasar kunna dubban na'urori shekara guda ba. Amma ɓangaren da ya fi daraja ba ya cin ko sisi. A 2002 Manindra Agrawal na Cibiyar Fasaha ta Kanpur a Indiya, tare da ɗalibansa biyu da suka gama digirin farko a lokacin, Neeraj Kayal da Nitin Saxena, sun warware tambayar da ta daɗe tana damun masana: sun nuna akwai hanya tabbatacciya ta gane kowace firam, ko wace irin siga gare ta, ba tare da lokacin aikin ya yi tashin gwauron zabo ba. Takardar tasu 'yan shafuka ce. Mu ma ba baƙi ba ne a wasa da lambobi don sanin halinsu: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi kan yadda ake gina hatimin da layukansa ke ba da jimilla ɗaya ta kowace fuska. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake gabatar da firam ga yaranmu: a haddace ashirin da biyar ɗin da ke ƙasa da 100, a yi amfani da su wajen rage kaso, a wuce. Hujjar Yuklid layi biyar ce a allo, ɗan aji ɗaya na babbar sakandare zai iya bin ta, kuma mai yiwuwa ita ce karo na farko da zai ga an tabbatar da magana game da abin da ba shi da iyaka ba tare da an ce masa “haka malam ya ce” ba. Gwajin 31 da aka yi a sama ba ya buƙatar abin da ya wuce takarda. Yaron da ya yi shi da hannunsa, sannan ya gwada 2,047 ya ga sifili ya ƙi fitowa, ya yi daidai aikin da na'urorin Durant suka yi, tsawo ne kawai ya bambanta.

Saura ƙalubale ɗaya, kuma shi ne mafi nauyi. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa wata sabuwar irin kwamfuta, mai aiki da dokokin ƙwayar zarra, za ta iya warware ninkin firam biyu cikin sauri, in har an iya gina babba. Ranar da aka gina ta RSA ya faɗi, tsarin Bernstein ma haka, kuma ƙara wa makulli tsawo ba zai cece shi ba. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin ƙarshen zamanin firam a harkar tsaro. Sai dai a dubi abin da aka tanada don maye gurbi. A Agustan 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle saƙo da ake fatan za su jure wa waccan na'ura. Wahalar da suka dogara da ita ba ta rabawa ba ce, wata ce daban, amma lissafin babba daga cikinsu, ML-KEM, ana yin sa ne gaba ɗaya da saurar da ke ragewa in an raba da 3,329. Firam ce mai alƙaluma huɗu. An zaɓe ta ne saboda in an cire mata ɗaya ana samun 3,328, wato 13 sau 256, kuma kasancewar 256 tana raba wannan adadi shi ne ke ba da damar ninka dogayen jerin lambobi cikin sauri a kan ƙaramar na'ura irin ta wayar hannu.